Faci Bakwai a Rigar Madam Solanj

Ran Juma'ar da ta wuce na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana gaya wa abokinsa wai kakansa toshe huda ya yi shekara talatin da biyar yana yi a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa. Da Larabci ya faɗa don kada in ji, sai ka ce ba a garin nan gemuna ya yi fari ba. To tun da kun taru kun cinye mini shinkafa, ku zauna ku ji yadda ake toshe hudar. Wanda Hausar ta yi wa nauyi ya tambayi na kusa da shi, ni dai ba zan sauya harshe ba.

Raffa ake ce wa mai sana'ata a nan Jidda. Ku ɗauki mashlah, alkyabbar nan ta Larabawa mai shara-shara. Mutum ya tsaya a kan kaskon turare ranar ɗaurin auren ɗansa, tartsatsi ya tashi ya ɓula masa ita a ƙirji, huda kamar ƙwayar wake. In ya kai wa tela zai haɗe bakin ya ɗinke, kowa ya hango tabon tun daga ƙofa. Ni ba ɗinki nake yi ba, saƙa nake yi. Sai in shiga cikin kalmasa, gefen nan da aka naɗe inda ido ba ya kaiwa, in zaro zare daga jikin alkyabbar kanta, don duk kasuwar Jidda babu zaren da ya sha rana da gumi daidai da nata. In ɗaure wurin a zoben katako ya miƙe, in ƙirga zaren tsaye nawa wuta ta ci, na kwance nawa, sannan in mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta sama ta ƙasa, yadda masaƙin farko ya bi. Hudar waken nan wuni biyu take ci.

Kayan aikin ba su cika tafin hannu biyu ba. Allurai goma sha biyu, ƙaramar cikinsu in ta faɗi ƙasa sai dai ka yi mata addu'a. Almakashi mai bakin tsinke. Kushtuban, ƙarfen da ake sa wa yatsa. Gilashin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo. Zoben katako uku, da dutsen guga na gawayi, don na lantarki ba ya jin magana. Shi ke nan. Sauran duk a ido da yatsu suke, shi ya sa kuke ganin abin banza ne.

Daga Damagaram na zo aikin Hajji ina saurayi, na maƙale kamar yadda dubbai suka maƙale. Na iya ɗinkin aska tun a gida, ina ji da kaina. Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Ammi Salim, tsoho ɗan asalin Hadramaut ta ƙasar Yaman, mai shagon raffa a wani lungu na Balad, ƙarƙashin gidan dutsen teku da katakan tagoginsa suka fara zubewa. Ya duba ɗinkina ya ce ya yi kyau, in ajiye shi a akwati, a nan ba a son aikin da ake gani. Shekara guda cur ban taɓa kayan mutane ba, zare kawai nake zarowa daga tsumma, in ya tsinke in sake. Jarrabawarsa kuwa ɗaya ce. Zai yanke yadi da almakashi ya ba ni, in na gama ya rufe ido ya bi shi da yatsa. In yatsansa ya tsaya, ko kallona ba ya yi, zai sake yanke wurin. Sai a shekara ta huɗu yatsan ya wuce bai tsaya ba. A watan ya yi mini takardu ya zama kafilina, wato ya tsaya mini, na sami iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, na aika aka kawo mini kakarku Ramatu.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai matar da ta ƙona rigar mijinta da guga, ta aiko da ita a ɓoye tana roƙon a gama kafin Juma'a. Akwai alhazan da za su kawo darduma ta kakanni, ɓera ya ci gefenta. Akwai wanda zai tsaya maka a ka yana cewa yalla yalla, kamar saƙa tana jin tsawa. Sannan akwai Turawa masu aikin tashar jiragen ruwa, da suke zaune a wata unguwa mai katanga a arewacin gari. Su ne suka riƙe shagon a shekarar da na fi tsana, shekara ta goma da zuwana. A shekarar tufafi masu araha suka cika kasuwa, riga ta ɓule mutum ya jefar ya sayi wata. A shekarar kuma aka yi ta kamen marasa takarda, mota ta tsaya bakin lungu a kwashi mutane da kwanon abincinsu a hannu. Rabin 'yan garinmu na unguwar Kurayyat, inda muke zaune, a lokacin aka mayar da su gida. Ni ina da iƙama, amma saura wata guda ta ƙare, kuma sai da sa hannun Ammi Salim za a sabunta ta. Ramatu da 'ya'ya biyu duk a kanta suke.

Ana cikin haka wata safiya Abdu direba ya shigo da ƙunshi a takarda. Abdu ɗan Maraɗi ne, yana tuƙa matar wani injiniya Bafaranshe da ake kira Madam Solanj, kuma shi ya jawo mana duk aikin unguwarsu, don ni da shi mun yi lakwal, makarantar boko ta can gida, muna ɗan jin Faransanci. Ammi Salim ya hau garin Ɗa'if shan iska, ni kaɗai ne a shago. Abdu ya buɗe ƙunshin, sai ga wata tsohuwar rigar mata, shuɗiya da ta koɗe, yadi mai kauri irin na masu aikin ƙarfi. Ya nuna mini huda uku ƙanana a kafaɗa, asu ya ci, an zagaye kowace da jan zare. Ya ce Madam ta ce waɗannan ukun za a gyara, a yi a hankali, rigar tana da tsada a wurinta. Na ce to.

Kwana uku na rufe hudar asun, ko ni sai na lalubo su. Na ɗaga rigar zan naɗe, sai idona ya tsaya a kan sauran. Faci bakwai ne a jikinta, a gwiwar hannu, a ciki, a gefen aljihu, kowanne da launinsa, ɗinkin a karkace, wani wurin ƙulli kamar kan ƙusa. Wallahi kunya ta kama ni. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba, amma a garinmu in babban mutum ya ba ka aiki, ba ka tsayawa a iyakar abin da ya ce, kana ƙara masa alheri ya gani ya ji daɗi. Kuma ina tunanin mutanen Balad su ga wannan tsumma ta fito daga shagon Ammi Salim, a ce aikinmu ne. Na ce a raina matar nan ba ta san abin da hannuna ya iya ba, shi ya sa ta nemi kaɗan. Na zauna na farke facin nan bakwai, na saƙe ramukan da ke ƙarƙashinsu da zaren kalmasa, na yi mata guga. Kwana goma sha biyu na yi, aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba, ba wanda ya sa ni, ba kuma don a ƙara mini komai ba. Na miƙa wa Abdu a naɗe ina washe baki.

Kashegari da hantsi, Ammi Salim ya dawo ke nan yana shan shayinsa, mota ta tsaya bakin lungu. Abdu ya shigo fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa, bayansa wata dattijuwa doguwa cikin baƙar abaya, farin gashi ya leƙo ta gefen gyale, rigar a hannunta. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta shimfiɗa rigar a kan tebur ta dube ni.

"Huda uku na ce. Wa ya ce ka taɓa sauran?"

"Babu wanda ya ce, Madam. Kunya na ji in mayar miki da ita a haka."

Ba ta gane wace irin kunya ba ce, ni kuma Faransancina bai kai ya bayyana ba. Ta nemi kujera ta zauna, ta fara magana a hankali, Ammi Salim ya ce in fassara masa. Haka na tsaya ina juya laifina zuwa Larabci da bakina, jimla bayan jimla.

Ga abin da ta faɗa, da abin da Abdu ya cike mini daga baya, don a mota ba ta da abokin hira sai shi. Ashe matar nan 'yar fim ce, a ƙasarsu da wuya ka sami dattijon da bai san fuskarta ba. A wani garin masunta aka haife ta, uwarta tana feɗe kifi a bakin teku, uban ya rasu tun tana goye. Tana da shekara goma sha bakwai ta gudu babban birni da jaka ɗaya. Shekara bakwai tana fitowa a 'yar aiki mai kawo shayi, ta ce kalma biyu ta fice, wani lokaci ma a yanke wurin. Sai wani darakta ya ɗauke ta ta fito a matar masunci, wadda mijinta ya shiga teku bai dawo ba. Masu kayan fim suka ɗinka mata riga sabuwa suka yayyaga ta suka shafa mata ƙasa. Ta duba madubi ta ce ƙarya ce, babu mai feɗe kifin da rigarta ke yagewa a waɗannan wuraren. Ta hau jirgin ƙasa ta koma garinsu bayan shekara bakwai, ta kwana ɗaya, ta karɓo rigar aikin uwarta daga jikinta. Da ita ta yi fim ɗin, kuma fim ɗin ne ya ɗaga ta. Uwar ta rasu shekarar da ta biyo, ita tana wata ƙasa tana aiki.

Daga nan ta yi shekara ashirin ana rububinta. Da ta haura arba'in sai waya ta daina ƙara, in ta yi ƙara kuma matsayin kakar wani ake mata tayi. Ta ce ba za ta zauna gadin waya ba, ta sayi keken rubutu. Littafi uku ta fitar, na farko aka yi mata dariya wai 'yar fim ta ga alƙalami, na biyu aka yi shiru, na uku aka fara ce mata marubuciya. Yanzu na huɗu take rubutawa a nan Jidda, a kan uwarta. Kuma nan da kwana goma za ta tashi zuwa ƙasarsu, inda za a yi taron nuna tsofaffin finafinanta, a rataye rigar nan mutane su gani. Facin nan bakwai da na kira tsumma, uwarta ce ta yi su da hannunta. Ta ce ba ta da hoton uwar ko ɗaya, ba ta da wasiƙa don ba ta iya rubutu ba, ɗinkin nan kaɗai ne.

Na fassara masa har wannan. Ammi Salim ya ajiye kofin shayi. Bai kalle ni ba, ya tambaya, "Ina gwangwanin?" Dokar shagon ce, duk abin da ya fita daga kayan mutum, ko silin zare ne, ana ajiye shi a gwangwanin madara kwana arba'in. Sau nawa na yi masa gunaguni a kan tara shara! Na ɗauko, na juye a kan tebur. Facin bakwai suna nan, zaren kowanne a naɗe a kan tsinken ashana, don raffa ba ya yanke zare, zarowa yake yi. Madam ta ɗauki ɗaya ta riƙe a tafin hannu. Ammi Salim ya ce in gaya mata ta ba mu kwana takwas, ran na tara ta zo da la'asar. Ta ce ba ta ga amfanin ba, amma ba abin da ya rage ta yi asara. Ta bar rigar ta fita.

Bayan motar ta tashi ya juyo gare ni. Ya ce matar nan in ta buɗe baki a unguwarsu, halas, shagon ya rufe, shi kuma bai riƙe suna shekara hamsin don wani mai alherin da ba a roƙe shi ba ya zubar masa. Sannan ya ce, "Ya Hamisu, in rigar nan ba ta koma yadda take ba, ba zan sa hannu a takardarka ba." Ban taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da motar kame ta tsaya a bayana. Da na koma gida na gaya wa Ramatu komai, ta zuba mini abinci.

Aiki na farko shi ne in warware saƙata, kuma a nan abin dariya yake, in da bakin dariya. Na neme ta na rasa. Na sa gilashi, na juya rigar ciki da waje, wurare huɗu na gano, uku sun ɓace mini. Dole tsohon ya zo ya rufe ido ya bi ta da yatsa. A gefen aljihu ya fi rabin awa yana shafawa yana tsaki, da ƙyar yatsan ya tsaya. Ya buɗe ido ya ce Allah ya shirye ni, hannu ya iya, kai ne babu. Wuni biyu na yi ina zare aikin kwana goma sha biyu, har ramukan suka dawo da bakinsu na da.

Sai mayar da facin. Kuna tsammanin ɗorawa kawai za a yi a bi da allura ko? Abdu ma haka ya ce, wai in ɗinka a karkace, wa zai sani. Ita za ta sani, matar da ta yi shekara arba'in tana kallon ɗinkin nan. Abin da ya cece ni shi ne zare in ya daɗe a yadi yana barin gurbinsa, guga ba ta iya shafe shi duka. Kullum bayan asuba in hau rufin shagon, in ɗaure wurin a zobe, in ɗaga shi saitin rana tana fitowa. Sai ka ga hudojin allurar tsohuwar suna haske ƙanana-ƙanana. In daidaita na facin da na rigar, in sa allura a inda ta sa, da zarenta, ɗaya bayan ɗaya. Rana tana ɗagawa haske ya yi yawa, hudojin su ɓace, sai kuma gobe ko can da yamma.

A faci na farko na ga ɗinkin ya ƙi kwanciya yadda yake, ko ta ina na bi. Sai da na ɓata safiya guda na gane tsohuwar bahaguwa ce. Na mayar da allura hannun hagu. Ni da na yi shekara goma ina koyon ɓoye ɗinki, ga ni ina koyon yin mummuna, da hannun da ko cokali ba ya riƙe mini. Na soke kaina ba adadi, na naɗe yatsu da tsumma don kada jini ya taɓa rigar. Ƙullin ma sai da na mayar da kowanne a wurinsa, don lanƙwasar tana nan a jikin zaren. Shida suka koma lafiya. Na bakwai, na gwiwar hannun dama, shi ya fi tsufa, zarensa ya ruɓe, ina jansa ya marmashe a yatsana. Na zauna a kan rufin nan ina kallonsa, na ce shi ke nan, mun tafi Damagaram. Ammi Salim ya ce in zaro daga kalmasar rigar in bi hudojinta, amma in gaya wa matar gaskiya, don raffa yana ɓoye huda ne, ba ya yi wa mai kaya ƙarya. Gugar kuwa ba a warware ta, na rataye rigar a inuwa kwana biyu, damshin teku ya saki karin.

Ran na tara da la'asar ta zo. Na shimfiɗa rigar, na miƙa mata gilashina. Kafin ta taɓa na ce mata shida da zaren mahaifiyarta ne, na bakwai gurbin allurarta ne amma zaren daga kalmasa na zaro. Ta sa gilashin a ido ta sunkuya, ta bi su ɗaya-ɗaya, ta juya ciki ta duba ƙulli. Abdu yana bakin ƙofa yana jan carbi, Ammi Salim ya juya mana baya wai yana gyara allurai. Ni ban san tsawon lokacin ba, na dai ji an kira sallah a wani masallaci can nesa, ban san ko wace ba ce. Da ta ɗago sai ta ce, "Bahaguwa ce. Ka lura?"

Na ce na lura, da hagu na ɗinka. Da na tsaya a nan da ya isa, amma bakina bai iya tsayawa ba, kun dai san ni. Na ce mata kuma na san wanda ta fara yi da wanda ta yi a ƙarshe. Na nuna mata na gwiwar hannu, ɗinki ƙanana a jere kamar ƙwayar gero. Na nuna na ciki, sun fara faɗi. Na kai ta na gefen aljihu, inda allura ta kuskure bakin facin sau biyar ta dawo ta lalubo, zaren ma baƙi ne aka ƙarasa da kore, ƙullin kuma irin wanda ake yi da yatsa ne ba da ido ba. Na ce wadda ta yi wannan na ƙarshen ba ta gani sosai, da lalube ta yi shi.

Madam ta cire gilashin a hankali. Ta ce a daren da ta je karɓar rigar, uwar ta zuba mata shayi ya zube a gefen kofi, ita kuma ta yi mata faɗa a kan rashin kula. Ta ce, "Ba ta gaya mini ba. Shekara arba'in ina kallon rigar nan ban gani ba." Na yi da-na-sanin buɗe baki, na ce na ƙarasa kashe kaina. Ta ɗora tafin hannunta a kan facin. Sai ta buɗe jaka ta fito da littafin rubutu da biro, ta jawo kujera kusa da ni, ta kira ni yadda Faransawa ke cewa malam, ta ce, "Mushe Hamisu, sake faɗa mini daga na farko. A hankali."

Har aka yi magariba muna nan, ina nunawa tana rubutawa, in Faransanci ya ƙare mini Abdu ya tallafa. Ta tambayi shekara nawa tsakanin wannan faci da wancan, na ce ba zan rantse ba, amma koɗewar yadin ƙarƙashi tana nuna kusan biyu. Ta rubuta har da cewa ba zan rantse ba. Da za ta tafi ta naɗe rigar da kanta, ta tsaya gaban Ammi Salim ta ce a gaya masa tana da labulen falo da asu ya ci, Abdu zai kawo in ta dawo. Ta ɗaga mini yatsa ta ce huda biyu ne, biyu. Shekara biyu bayan haka aikin mijinta ya ƙare suka koma. Abdu ya ce littafin ya fito, kuma daga baya ta yarda ta fito a kakar da ta daɗe tana ƙi, ta ce yanzu ta san yadda tsohuwa take riƙe allura. Ni ban karanta littafin ba, fim ɗinta ko ɗaya ban taɓa gani ba.

A ranar dai, da motar ta tashi, na zauna daɓas a ƙasa. Ammi Salim ya gama jera alluran da tun la'asar yake jerawa, ya rufe akwatin, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gobe ka zo da fasfonka da hoto huɗu." Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na yi sallah a masallacin lungu, na hau tasi zuwa Kurayyat, abin da ban saba ba.

Na shiga gida na tarar da ɗaki wayam. Kakarku ta ɗaure kayanmu kaf a buhu uku ta jingine a bango, yara suna zaune a kai da takalmansu a ƙafa. Ta dube ni. Na ce ta kwance. Ta tsugunna ta fara da buhun da tukunya take ciki, don tun safe ba a ɗora komai a gidan ba.